Abin nan da ke manne a jikin tsohuwar bishiya ba cuta ba ce

A tsofaffin lambunan tuffa na yankin Herefordshire a Ingila, lokacin hunturu ganye duk ya zube amma rassan ba tsirara suke ba. Wani abu ne ya lulluɓe su, wani toka-toka a shimfiɗe jikin ɓawo, wani ruwan ɗorawa, wani kuma yana reto kamar gemun tsoho. Sunansa laikin, kuma wallahi yana ba ni takaici yadda mutane da dama ke ɗaukar wuƙa su kankare shi wai bishiya ta kamu da ciwo.

Matsa kusa ka duba na ruwan ɗorawar nan da kyau, za ka ga wasu 'yan ƙananan faifai a tsakiyarsa, ta nan yake fitar da iri. In rana ta yi sai ya bushe ƙayau, ruwa na sauka kuma ya yi laushi ya ɗan koma kore-kore nan take. Halittu biyu ne fa suka haɗu a jiki ɗaya, dangin naman gwari da dangin gansakuka, ɗaya ya ba da matsuguni ya riƙe danshi, ɗayan ya haɗa abinci da hasken rana su ci tare. Wani masani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, manyan masana na lokacin suka ƙi yarda, daga baya dai aka gane gaskiyarsa.

To ga inda nake so manomanmu su ji da kyau, don mu ma muna ganinsa a jikin tsofaffin mangwaro musamman wajen Jos da kudancin Kaduna inda akwai danshi. Laikin ba shi da saiwa, ba ya shan komai a jikin itace, zama kawai yake yi, ruwan sama da raɓa da ƙurar iska su ne abincinsa. Kauci ne mai cutar, shi ke huda reshe ya tsotse ruwan bishiya har ya kassara ta. Dalilin da ya sa ake zargin laikin kuwa, an fi ganinsa a reshen da ya fara mutuwa, alhali ganyen ne ya ragu haske ya samu shiga shi ya sa ya yaɗu, wani abu daban ne ke damun bishiyar, ko ƙishi ko tsufa ko ƙwari, can ya kamata a duba. Kankarewar ma rauni kake ji wa ɓawon a banza.

Kuma girmansa a hankali ne ƙwarai, 'yan milimita a shekara, shi ya sa sai a lambun gargajiya yake samun sakewa, inda bishiyoyi ke da tsayi da tazara, tumaki na kiwo a ƙarƙashi, ba feshi, a bar itace ya tsufa abinsa. Lambun zamani da ake ta fesa maganin kashe naman gwari ana tuge bishiya da wuri, da wuya ka ga mai yawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake tona asirin iska. Tun 1866 wani masanin tsirrai ɗan Finland, William Nylander, ya lura laikin na ɓacewa a cikin birnin Faris in ban da lambun Luxembourg, hayaƙin gawayin kwal ne ke kashe shi. Mai gemun nan ba ya jure ƙazamar iska sam, shi kuwa mai ruwan ɗorawar ya fi yawa kusa da gonakin da ake zuba taki da wajen kiwon kaji. Bayan Birtaniya ta yi dokar tsaftace iska a 1956 hayaƙi ya ragu, a hankali laikin ya fara dawowa, har a 2007 aka ga wani iri mai ido ruwan zinare da aka ɗauka ya ƙare a ƙasar, a jikin reshe cikin wani tsohon lambu a Herefordshire ɗin nan.