Ayabar bango da garin ƙarfe

Shekara uku ke nan ina aiki da wani kamfani a Jidda mai shirya wuraren baje kolin zane-zane. Mu ke sauke akwatuna, mu sa safar hannu mu kwance, mu rataya, mu daidaita fitilu. Mu huɗu ne Hausawa, kuma lokacin shayi bayan azahar ba mu da aiki sai tsokanar abin da muka rataya da safe.

A Nuwamba 2024 ƙaraminmu, ɗan Maraɗi, ya karanto mana a waya cewa an sayar da ayabar nan ta wani mai fasaha ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, wadda ake liƙawa a bango da salatif, dala miliyan 6.2 a gwanjon Sotheby's. Ita ce dai aka saya dala 120,000 a Mayami a 2019, wato riyal 450,000. Wanda ya saye ta a gwanjon 2024, wani attajiri mai suna Justin Sun, cinye abarsa ya yi a gaban 'yan jarida.

Dattijonmu, da muke kira Baba, ya ajiye kofi. "Kai ɗana, ba ni riyal goma in cika maka leda a Bab Makka. Salatif kyauta!"

"Baba, ai ba ayabar ake saye ba, takardar izinin liƙawa ce."

"To gobe zan liƙa tuwon jiya, ka rubuta mini takardar."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Can sai Baba ya ce ai mu ma muna da irinsu a gida: 'yan tauri masu goga wuƙa a ciki, gardawa masu rataya maciji a wuya, ga kuma tashe in azumi ya kwana goma. Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini. Yaron da ya liƙa gemun auduga ya shiga gidan mutane yana dogara sanda, ba gemun ne abin kallo ba. Maigida yake wa hannunka mai sanda, kowa na dariya, saƙo kuma ya isa.

Daga nan na canja yadda nake aiki. In na gama rataya abu, nakan koma gefe ranar buɗewa in kalli fuskokin masu kallo. A nan ake gane aikin da ke da ciki da wanda ihu ne kawai. Na karanta abin da wata mai fasaha, Marina Abramović, ta yi a Nafoli ta ƙasar Italiya a 1974: ta jera abubuwa 72 a tebur, har da fure, almakashi da bindiga mai harsashi, ta tsaya cak awa shida, ta ce kowa ya yi mata abin da ya ga dama. Da fure aka fara. Kafin a tashi an yayyage mata tufafi, an yanke ta, wani ya nuna ta da bindigar. Ban so aikin ba, har yau ba na so, amma halin mutanen ɗakin ya tona, kuma wannan ya tsorata ni fiye da almakashin. Da yawa daga masu neman girgiza mutane ba su kai nan ba. Suna kawai suke nema, in hayaniya ta lafa ba ka tuna komai.

Washegarin hirar ayabar nan na nuna wa Baba hoton aikin Ahmed Mater, likita ɗan Abha, wanda aka baje a gidan tarihi na Birtaniya a 2012: ɗan baƙin maganaɗisu mai kusurwa huɗu, garin ƙarfe ya kewaye shi sahu-sahu. Ina jira ya ce shi ma zai share ƙasan shagon walda ya sayar.

Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, ai wannan ɗawafi ne," ya ce a hankali. Shayinsa har ya huce bai miƙo mini wayar ba.