Saitin kafa a bindigar gasa: yadda muka zaɓa, yadda ake ɗaurawa

'Yan uwa masu koyo, a wannan zangon mun jingine maganar tsayuwa da numfashi, mun koma kan saiti. Bindigogin da muke aiki a kansu iri biyu ne, kuma kowacce harsashi ɗaiɗai ake ɗura mata: ta iska mai ƙwayar dalma milimita 4.5 da ake harbawa a mita 10, da mai harsashin .22 ta mita 50. A dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya da ke Munich, ba a ɗora wa waɗannan madubin hangen nesa. Saitinsu kafa ce a baya, wato ɗan ƙaramin rami da ido ke leƙawa, da zobe a gaba. Ido ya leƙa ta kafar, ya hango zoben, ya zaunar da baƙin da'irar allon da ake harbi a tsakiyarsa. Da'ira uku ke nan, wata cikin wata.

Kafin a kama ko sukuru ɗaya, a buɗe bindiga, a duba babu komai a ciki, a zura tutar aminci, alamar da ke nuna bindiga a buɗe take ba harsashi. Wanda ke Najeriya kuma ya sani mallakar bindiga sai da lasisi, wurin wannan aiki kuwa filin harbi ne, a gaban mai koyarwa.

Wajen saye, abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne kayan da ba su shiga juna. Saitin baya, wanda ake kira diyofta, yana hawa ne kan reli mai faɗin milimita 11 a bindigogin Jamus irin su Anschütz, Walther da Feinwerkbau. Faɗin ɗaya ne a takarda, amma yankan gefen relin yakan ɗan bambanta, don haka a gwada a kan bindigar kafin a biya. Kafar leƙen da ake murɗawa a bayan diyoftar tana da tiredin M9.5x1, wato zaren murɗi mai kaurin milimita 9.5, a kayan Turai na yanzu, shi ya sa ta kamfanin Gehmann ko ta Centra ke shiga yawancinsu. Tsofaffin saitin Parker-Hale na Ingila da Redfield da Lyman na Amurka tiredinsu na inci ne, ya fi siriri. In ta ƙi shiga da yatsu biyu, a dakata, a nemo mahaɗi. Tilasta ta cinye tiredin ne kawai. Bututun saitin gaba shi ma girma biyu ne aka fi gani, M18 da M22, kuma zoben wannan ba ya zama a wancan. A bindigar iska doka ta ce kada bututun ya wuce milimita 25 a faɗi ko 50 a tsawo, kuma kada ya zarce bakin bindiga.

Diyofta ta hannu ba laifi ba ce, sau da yawa ma ta fi sabuwa mai araha. A riƙe gindinta, a girgiza kan da yatsa. In ya motsa, a bar ta. A murɗa kowane maɓallin daidaita saiti daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana sauraro: kowane kilik, wato ɗan ƙaran da yake yi a kowane taki, ya fito tas, ba wurin da ya yi laushi ko ya cije.

Yanzu zoben gaba, inda muke son ku daɗe. Kusan duk mai koyo ƙaramin zobe yake ɗauka, wai in ya matse baƙin sosai harbi zai fi daidai. Ba haka abin yake ba. Ido ba ya auna baƙin, farin da ya kewaye shi yake aunawa. In farin ya sirance, haske yakan tanƙwara a gefen zoben, baƙi da zobe su narke cikin juna, mutum ya kasa gane ko ya kauce. Ga kuma rawar hannu: a tsaye, baƙin zai riƙa dukan gefen zoben, mai harbi ya firgita ya fizgi kunama.

Lissafin ba shi da wuya. Baƙin allon mita 10 faɗinsa milimita 30.5. In daga ido zuwa zobe akwai milimita 850, a ninka 30.5 da 850 a raba da 10,000, wato mita 10 a milimita. Ya ba da kusan 2.6, wato girman baƙin a daidai inda zoben yake. Zobe mai faɗin milimita 4.2 zai bar farin milimita 0.8 a kowane gefe, kuma nan ne wurin farawa ga mai harbi a tsaye. Wanda hannunsa bai zauna ba tukuna ya hau 4.4 ko 4.5, ba abin kunya ba ne. A mita 50 baƙin milimita 112.4 ne. In zoben na nesa da ido da milimita 950, baƙin zai bayyana kamar 2.1, sai zobe mai 3.6 ya wadatar a kwance. Wanda ya ƙara wa bindigarsa bututun tsawaitawa na santimita 20 ya tura zoben gaba, baƙin ya koma cike milimita 2.6 a cikinsa, dole zoben ya haura wajen 4.3 ko 4.4 in ana son hoton ya zauna yadda yake. Da yawa sukan sa bututun su manta da wannan, su yi ta zargin harsashi.

Akwai zoben gaba mai buɗewa da tsukewa, yana da daɗi amma da tsada. A ganinmu mai koyo ya sayi zobban roba masu haske guda huɗu ko biyar, daga 3.8 zuwa 4.6, ya ajiye sauran kuɗin na ƙwayar dalma.

Kafar baya kuwa a fara da milimita 1.1. A fili mai hasken rana a tsuke zuwa 1.0, a zaure mai duhu-duhu a buɗe zuwa 1.2 ko 1.3. Mai kafa mai daidaituwa ya tsuke ta har hoton ya fara dusashewa da wasu zare-zare kamar yanar gizo-gizo, sannan ya buɗe a hankali har zoben gaba ya fito baƙi ƙirin, gefensa a yanke. Nan zai tsaya. Zoben ne ido ke kamawa sosai, baƙin allo in ya ɗan yi hazo ba komai.

Ɗaurawa na da jeri, kuma wanda ya tsallake jerin zai maimaita aikin. A goge relin da tsumma da ɗan sifirit, a cire maiƙo. A fara kai maɓallan diyofta tsakiyar tafiyarsu: a ƙirga kilik daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a dawo rabi. A zura ta kan reli, a bar sukurorin sakwa-sakwa. Sai a ɗauki bindiga a shiga tsayuwar harbi ido a rufe, a kwantar da kunci yadda wuya ba ya jin ja, sannan a buɗe ido. In kafar ba ta gaban ido, ba kai ne za a karkata a nemo ta ba. Matashin kunci za a ɗaga ko a sauke ko a tura gefe, milimita ɗaya-ɗaya, a sake rufe ido a gwada. In har yanzu sai an sunkuyar da kai ana leƙe ta saman ido, a sa tubalan ɗagawa a ƙarƙashin saiti, gaba da baya tsayi ɗaya. Wanda ya ɗaga baya kaɗai zai ƙarar da kilik ɗinsa bai kai tsakiyar allo ba. Tsayin da aka yarda da shi yana da iyaka, a duba littafin doka na shekarar da ake ciki.

Tsakanin ido da kafa a bar santimita 4 zuwa 7. In ta matso da yawa, filin da ake gani ya yi faɗi, bututun gaba ya yi ta yawo a ciki ba a lura ba. In ta yi nisa, hoto ya yi duhu, wuya ya miƙe. Tazarar kwance ba ita ce ta tsaye ba, domin a kwance kai yakan matso gaba. Masu harbin matsayi uku, wato a durƙushe, a kwance da a tsaye, su sa alama da fensir ko ɗan salatif a kan reli ga kowane matsayi. Daga nan a ɗaure sukurorin da alanki, wannan kaɗan wancan kaɗan, a riƙe gajeren hannun alankin don kada ƙarfi ya yi yawa. Jikin yawancinsu alminiyam ne, ba ya jure matsa.

A duba saitin gaba ya miƙe, bai kwanta gefe ba. Lebur mai ruwa halal ne a bindigar mita 50, a ta iska kuwa an hana. Ido na biyu kada a runtse shi, don runtsewa na gajiyar da mai leƙen. A sa masa ɗan shamaki na farar roba a jikin diyofta, zurfinsa kada ya wuce milimita 30, kada kuma ya yi nisan fiye da 100 daga tsakiyar kafa.

Sai daidaitawa a kan allo. A ɗora bindiga kan matashi, a harba biyar, a nemi tsakiyar tarin, ba harbi ɗaya ba. Ƙa'idar ita ce saitin baya na tafiya inda ake so harbi ya koma. A kula da haruffan Jamusawa: H sama, T ƙasa, L hagu, R dama, amma in an rubuta "bei" a gaba, harafin na nufin inda harbin ya faɗa, ba inda zai je ba. A mai "bei", wanda harbinsa ya yi sama ya murɗa wajen H. Kada a dogara da abin da aka ji game da girman kilik, don akwai diyofta mai kilik 10 a zagaye ɗaya, akwai mai 20. A harba biyar, a murɗa kilik 20, a sake harba biyar, a auna tazarar da rula a raba da 20. In ya fito milimita 0.25, tarin kuma ya kauce hagu da milimita 3, kilik 12 ke nan.

Tsohuwar diyofta takan yi lako: a juya akalar maɓalli, kilik biyu ko uku na farko su tafi a banza. Maganinta a wuce da uku a dawo da uku, kullum a ƙare murɗi ta ɓangare guda.

In tarin ya riƙa ƙaura tsakanin zagaye da zagaye alhali sukurori a ɗaure suke, a bar maɓalli a koma kan kunci. Tsakanin kafa da zobe akwai kamar milimita 800, saboda haka kaucewar milimita 0.1 a jerin kafa da zobe na zama milimita 1.25 a mita 10, rabin tazarar da'irar maki guda, a mita 50 kuma fiye da 6. Haka nan wanda ya zura wa hoton ido fiye da daƙiƙa 8 zai ga komai daidai alhali ya riga ya goce. Ya sauke bindiga, ya kalli nesa, ya sake ɗauka.

Kowa ya rubuta a littafinsa girman zobe, girman kafa, inda diyofta ta tsaya a reli, tsayin matashin kunci da irin hasken ranar, ya zo da shi zango na gaba, da shi za mu gwada gilasan tace haske, ruwan ɗorawa da ruwan toka.