Murjani ya zauna daram, marun ta gaji da turi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tankin ruwan gishiri. Yau dai da farin ciki nake rubutu, don murjanin hama, wato mai ƙashi da kawuna wanda bakin yatsunsa ke kama da guduma, da ya dame ni ya daina faɗowa. Duk wanda ke kiwon kilawun marun, wani jan kifin teku mai tsare gidansa, ya san abin da nake nufi. Tawa macen ta girma, ta kusa tafin hannu, kuma irinsu kan kai santimita 17. Tun da ta tare a cikin animoninta mai kumbura kai, wato halittar ruwa mai yatsu masu harbi da irin wannan kifi ke fakewa a ciki, ta ɗauki duk ɓangaren hagu na tankin a matsayin gidanta. Abin da ka ajiye a nan, ko dai ta sa baki ta ɗauke shi ta kai ƙarshen gilashi ta yar, ko ta yi ta dukansa da kai har ya kife. Namijin, ɗan ƙarami, shi babu ruwansa.

Zowa, ƙananan murjani masu kama da furanni, ba su cika damuwa ba, ka ɗauko su daga yashi ka mayar, zuwa yamma sun buɗe. Hama kuwa ba ya jure haka. In ya kife, ƙashinsa mai kaifi shi ke yanka namansa daga ciki, daga nan sai ruɓar nan mai kama da majina, ruwan ƙasa-ƙasa, ta kama shi. Haka na rasa kai ɗaya cikin uku. Na zuƙe ruɓar da siririn tiyo, na karya kan na yar, sauran na tsoma su a ruwan aidin. Wannan murjani daga Legas aka turo shi, kuɗinsa da na jirgi sun kusa sayen buhun shinkafa. Wallahi na ji zafin abin.

Na gwada manna haman a kan dutsen tankin, amma sufa gulu mai kauri shi kaɗai bai riƙe ba. Da ya taɓa ruwa sai ya yi fata a sama, ko ka murza shi a kan dutse ka fasa fatar, wurin da ya kama ɗan kaɗan ne, saboda dutsen duk ramuka ne da tudu. Ita kuma marun ba daga sama take dannawa ba, daga gefe take turi, inda gam ɗin ya fi rauni. Ifoksi mai kwaɓawa shi ma ba manna yake yi ba, cike gurbi kawai yake ya sandare, da ta yi ta girgiza shi sai ya fita gaba ɗaya da siffar dutsen a jikinsa. Ga sikima, na'urar da ke tsame dattin ruwan, ta haukace da kumfa duk ranar da aka sa shi. Haɗa su biyun, wato gam a ƙasa, ifoksi a tsakiya, gam a sama, ya fi dama-dama, ya riƙe ƙananan. Amma hama dogo ne, nauyinsa a sama yake, ta samu abin da za ta banƙara.

Abin da ya yi aiki shi ne huda dutsen. Na ari injin huda wurin wani mai aikin famfo a unguwarmu, na sayo bakin huda kankare na milimita 10 a Kofar Ruwa, daidai kaurin ƙafar filog ɗina, wato ɗan faifai mai ƙafa da murjanin ke manne a kai. Ku auna naku tukuna, ba duka ɗaya suke ba. Bayan asuba na yi aikin, kafin gari ya ɗau zafi. Na fito da dutsen na sa a roba da ruwan tanki, na rufe inda ba zan huda ba da jiƙaƙƙen tawul. Kada ku kunna bugun injin, juyi kawai ya isa, don dutsen teku ya fi kankare laushi sosai, bugu zai raba shi biyu. Farin gari ne ke fitowa kamar madara, sai ka riƙa zuba ruwa kana wankewa. Ramin na ɗan karkata shi zuwa ciki, yadda in ta turo daga gefen animoni, ƙara cusa filog ɗin take yi. Sai ɗan ifoksi a cikin ramin, gam a ƙafar filog bayan na goge ta da tishu, na murza na danna. Tun da dutsen yana waje, na ƙara huda wasu ramuka na ajiye don gaba.

Marun ta zo ta gwada, har da cizona a bayan hannu lokacin da nake mayar da dutsen. Ta tura, ta ja da baki, abu ko motsi. Yanzu hama ya buɗe ya cika, ruwa na kaɗa shi. Na kuma matsar da shi kamar taƙi guda daga animonin, wanda dama ya kamata, tunda su biyun suna harbin juna. Tun daga nan zuwanta wurin ya ragu sosai.

Murjani masu laushi irin mashurum gam ba ya kama su ko kaɗan saboda yauƙi. Su na zuba a ƙaramin kofin roba da tsakuwar murjani, na rufe da ragar buhun albasa da na wanke sosai, su kama da kansu. Don Allah kada wani ya yanko gidan sauro ya yi wannan. Waɗanda ake rabawa a asibiti da maganin kashe ƙwari a jikinsu, kuma guba ne mai ƙarfi ga kifi.

Saura matsalar yashi. Da ta ga ture-ture ya ƙi, ta koma kaɗa jela tana tono rami har gilashin ƙasa, yashin yana zubowa kan zowa na. Ina busa musu da sirinji kullum da yamma. Ina tunanin shimfiɗa manyan tsakuwa a wurin, ko in ɗaga zowan sama, amma hasken can ya yi musu yawa, zafin ruwan ma da ƙyar nake riƙe shi a digiri 26 in an ɗauke wuta da rana. Wanda ya taɓa gwada tsakuwar da marun, ya faɗa mini ko tana ɗauke su su ma.