Shekara tara a kan teburin fansho

Jiya wani ƙanena ya tambaye ni yadda mutum ke zama shugaban sashen zuba jari, wanda ake kira CIO. Na yi dariya, don ni ma har yanzu a hanya nake.

Na fara ne a wani kamfanin kula da kuɗin fansho a Abuja a matsayin mai nazari. Aikina karanta rahoton kuɗi na kamfanoni da lissafin ribar takardun bashin gwamnati, in rubuta, maigidana ya ja da jan biro. Shekara uku ina haka kafin a bar ni in saya ko in sayar da komai. Jarrabawar CFA kuwa, wato ta samun shaidar ƙwarewa a nazarin zuba jari, mataki uku ce, kuma sai ka haɗa da awa 4,000 na aiki kafin a ba ka shaida. Mataki na biyu ya kayar da ni sau ɗaya, har na yi wata guda ban buɗe littafin ba.

Na ce wa ƙanen nawa kada kwas ɗin da ya karanta ya dame shi. Uche Orji, wanda ya fara shugabantar NSIA, hukumar zuba jarin asusun ajiyar Najeriya, a 2012, injiniyan sinadarai ne, ya bi ta manyan bankunan duniya, Goldman Sachs da JP Morgan da UBS.

Abin da ya fi ba ni wuya dai shi ne ranar da na fara tsayawa gaban kwamiti ina bayanin asarar da shawarata ta jawo, da kuɗin 'yan fansho. Gumi har cikin takalmi, wallahi. Ranar Litinin ma akwai wani zaman.