Aiki da Coci Kan Hawan Jinin Baƙaƙen Fatar Amurka

Fiye da rabin manyan baƙaƙen fatar Amurka na fama da hawan jini a bisa mizanin 130/80 da aka kafa a 2017, kuma yakan kama su tun da sauran ƙuruciya. Likita na ganin mara lafiya na 'yan mintoci, coci kuwa tana ganinsa kowace Lahadi. Shi ya sa jami'o'i da asibitoci suka nufi ƙofar fasto.

Darasin farko, ba a shiga da takardar bincike a hannu. Jama'ar nan ba su manta da binciken Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar mazajensu da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ƙare. Sai an zauna da fasto da kwamitin lafiya na cocin, an yarda a kan wa zai riƙe bayanan mutane, kuma an koma an gaya musu sakamako. Shirin da Dokta LaPrincess Brewer ta Mayo Clinic ke jagoranta a Minnesota da 'yan cocin aka tsara manhajarsa ta waya tun daga tushe.

A New York, Dokta Gbenga Ogedegbe da abokan aikinsa sun gwada a coci 32 da mutum 373. 'Yan cocin aka horar su koyar: zama 11, mako-mako, kowanne minti 90, da addu'a da nassi a ciki, sannan tattaunawar ƙarfafa gwiwa sau uku. Bayan wata shida, lambar sama ta jininsu (ta farko a awo irin 130/80) ta sauka da kusan 6 fiye da ta waɗanda aka yi wa laccar lafiya kawai. Kada a raina wannan, a tsakanin jama'a masu yawa, saukar lamba da shida na rage shanyewar ɓarin jiki.

Wurin awo ne aka fi yin ɓarna. Mutum ya fito daga waƙa da tafi, ya sha kofi, a ɗora masa ma'auni a kan hannun riga yana ta gaisawa. Lambar da za ta fito ba tasa ba ce. Ya zauna minti 5 ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani. A tanadi madaurin hannu babba, domin ƙarami a kan kakkauran damtse yana ƙara lamba, a tsorata mai lafiya a banza. Wanda ya haura 180/120 da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko karkacewar baki, a kira lambar gaggawa ta 911 nan take.

Madafar coci ma fagen aiki ce. Ganyen da ake dafawa da kyafaffen naman alade, idan aka musanya da kyafaffen talotalo an rage kitse, amma gishirin na nan, alhali iyakar sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a yini miligiram 2,300 ce. Kuma kada a ba mai ciwon ƙoda gishirin fotasiyam, wanda ake maye gurbin gishiri da shi, sai da izinin likita.

Babban kuskure a ganina shi ne awo ba tare da hanyar magani ba. A gaya wa mutum jininsa ya hau, ba shi da inshora, ba likita, an ƙara masa damuwa ne kawai. Gwajin shagunan aski 52 na Los Angeles a 2018 ya nuna bambancin: inda masanin magunguna ya zo shago yana rubuta magani, lambar ta sauka da kusan 27, inda aka tsaya a shawara kuwa kusan 9. Wannan gwaji ya kai ga maza, waɗanda su ne 'yan kaɗan a tarukan kiwon lafiya na coci. Don haka kafin ranar awo ta farko, a ƙulla da asibitin unguwa mai sauƙin kuɗi, a sa mutum ɗaya ya riƙa kiran duk wanda aka tura cikin mako biyu ya ji ko ya je.