Yadda R10 ta cinye mini mako uku

Har yau idan na ga lamba 10 zaune a gaban lamba 2 a kan allon kwamfuta sai gabana ya faɗi. Bari in faɗa muku dalili, ko wani ɗalibin zai tsira daga abin da ya same ni.

Aikin digirina na biyu a kan ruwan rijiyoyi ne a cikin garin Kaduna. Na yi wata biyu ina yawo da kula da kwalabe a bayan babur, daga Rigasa zuwa Tudun Wada, Kawo, Unguwar Mu'azu, har tsallaken kogi wajen Barnawa. Kwalba 240 na tara, kowace na rubuta mata lamba da alƙalamin maka: R1, R2, har R240. Ɗibar ruwan da gwajin duk sun tafi lafiya, ba sai na ɓata muku lokaci a kansu ba.

A lokacin kaina ya ɗan kumbura, domin na koyi Python, wani yaren rubuta umarni ga kwamfuta, kuma na zauna na karanci dabarun jera bayanai kamar zan yi jarrabawa a kansu. Na san dabarar kumfa, wadda ke kwatanta maƙwabta biyu-biyu tana musanya su, za ta iya yin kwatance sama da 28,000 a kan kwalabena, alhali dabarar raba-ka-haɗe da John von Neumann ya tsara a 1945 ba za ta kai 2,000 ba. Idan abubuwan sun kai miliyan ɗaya, ta farko tana neman kwatance wajen biliyan 500, ta biyun kuwa kimanin miliyan 20. Ina ta yi wa abokan karatu lacca a kan wannan a wurin mai shayi. Sauri kawai nake gani. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: da wane ma'auni kwamfutar ke yanke cewa wannan ya riga wancan?

Fayil biyu ne a hannuna. Ɗaya na wuraren rijiyoyi, ɗaya na sakamakon ɗakin gwaji, wanda aka ba ni a jere daga 1 zuwa 240. Nawa a hargitse yake, sai na ba da umarnin jeri, layi ɗaya tak, na manna su gefe da gefe. Na duba layin farko, R1 da R1, daidai. Na rufe kwamfuta na tafi sallar la'asar da farin ciki.

Ashe kwamfutar ba lamba take gani ba, rubutu take gani. Harafi-harafi take bi, kamar mai duba ƙamus. Saboda haka bayan R1 sai R10, sai R100, R101, haka har ta gama da duk masu farawa da 1 kafin ta waiwayi R2. Sakamakon rijiya ta biyu ya hau kan ta goma, na ta uku ya hau kan ta ɗari. Layin da na duba shi ne wanda ba yadda za a yi ya kuskure.

Mako uku na yi ina gini a kan wannan tubalin toka. Na zana taswira mai launi, na rubuta babi na huɗu, har na ƙirƙiro bayani mai daɗin ji a kan dalilin da ya sa wasu rijiyoyi masu nisa da kogi suka fi gurɓata. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Bayanan shirme ne zalla, amma ƙwaƙwalwata ta samo musu ma'ana, har da kafa hujja da takardun wasu.

Malamin da ke duba aikina ne ya gano. Ya sa gilashi, ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo ja a taswirar, alamar gurɓataccen ruwa, ya ce, "Wannan ba rijiyar burtsatsen da muka je tare ba ce? Wadda na sha ruwanta?"

Na ce, "Ita ce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To, ɗana, ko dai ni na mutu ban sani ba, ko lissafinka ne ya mutu. Je ka ɗauko littafin da ka rubuta da hannu."

Kafin in gama buɗe shafi na biyu gumi ya karyo mini, ga shi lokacin hunturu ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Sai ya ba ni labarin masanin kimiyya Mendeleev, wanda a 1869 ya jera sinadarai bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, amma da ya zo kan teluriyam da aidin ya ga halayensu ba su yarda da jerin ba, sai ya juya su. Sai a 1913 Henry Moseley ya nuna cewa lambar ƙwayar zarra ce ma'aunin gaskiya, ba nauyi ba. Malam ya ce shi Mendeleev ya san sinadaransa, shi ya sa ya ji a jikinsa jerin ya karkace, ni kuwa na sha ranar ɗibar ruwan amma na bar na'ura ta gaya mini abin da idona ya ƙaryata.

Haushin da nake ji shi ne dabarar ba ta yi laifin komai ba. Timsort, tsarin jerin da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002, ya yi aikinsa tsaf, cikin ƙiftawar ido. Abin da na ce ya jera shi ya jera. Ko Tony Hoare, da ya ƙirƙiro dabarar jeri ta kwiksot a Mosko a 1959, kalmomin Rashanci yake son jerawa don duba su a ƙamus, kuma a can bin harafi-harafi shi ne daidai. Ni ne na kai wa lamba hukuncin kalma.

Da na koma gyara sai na ci karo da ƙanin wannan kuskuren. Sunayen unguwanni da layuka masu farawa da Ƙ, Ɗ da Ɓ duk sun gangara ƙasan Z, domin a tsarin lambobin haruffa na kwamfuta a can suke zaune. Wannan bai ɓata lissafi ba, amma na kusa sake shigar da wasu a zaton sun ɓace. Wata abokiyar karatu da ke aiki a kan ƙwayoyin gado ta ce su ma haka suke fama: fayil ɗaya ana iya jera shi bisa suna ko bisa matsayi a kan ƙwayar gado, kuma manhajar da ke jiran ɗaya ba ta aiki da ɗayan.

Abin da nake yi yanzu ba wani abin burgewa ba ne. Ba na ƙara manna fayil biyu gefe da gefe, da lambar shaida nake haɗa su, kowace ta nemi 'yar'uwarta. Bayan kowane jeri ina duba farko, tsakiya da ƙarshe, sannan in zaɓi rijiya biyar da na sani da ƙafata in gwada da littafin hannu. Da na duba layin ƙarshe kawai a ranar, da na ga R99 tsaye kusa da sakamako na 240.

Kare aikin nawa ya koma zango na gaba, na sake biyan kuɗin makaranta. Da damina na koma ɗibar zagaye na biyu, kwalbar farko da na ciro a Rigasa na rubuta mata R001 don ko an bi harafi-harafi jerin ya tafi daidai, mai gidan yana kallona yana tambaya ko sifirin ma ana gwadawa.