Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Barewar Goggo

A makon jiya na tsaya a ranar da muka kai yaron Khartoum, amma kafin in shiga ɗakin likita dole in koma kan maganar Goggo, domin har yau ita ce ke fara zo mini idan na kwanta. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." A bakin murhu ta faɗe ta, a gidanmu na Maiurno a Sudan, a gaban facalolina, lokacin da ya cika shekara uku bai ce Inna ba. Nufinta ni miskila ce, kuma kunyar ɗan fari, wadda su da kansu suka koya mini, ita ce ta ɗaure masa baki.

Shi kuwa yana kan tabarma yana jera finjalan jabana, wato kofunan shan gahawa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, idan aka gusar da ɗaya sai ya fasa ihu, idan raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta wuce sai ya toshe kunnuwansa. An ba shi rubutu, an yi masa hayaƙi, wasu suka ce iska ce, wata maƙwabciya ta ce allurar riga-kafi. Ban taɓa raina addu'a ba, har gobe ina yi masa, abin da ya ci mini rai shi ne kowace magana a kaina take ƙarewa.

Likitar ta kira abin tawahhud, wanda Hausawan Najeriya ke cewa galahanga. Ta ce ba rashin tarairaya ke kawo shi ba, ƙwaƙwalwa ce ke ginuwa ta wata hanya tun a ciki, kuma gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na dalilin, sai abubuwan da ke ƙara yiwuwarsa, kamar haihuwar bakwaini da yawan shekarun iyaye. Da ta tambayi ko akwai mai irin halinsa a dangi, maigidan ya yi shiru, ni kuwa Baffa Ƙarami na tuna, wanda bai taɓa kallon idon mutum ba, amma ya haddace lambar kowace mota da ke zuwa Sinnar. Baffa ƙanen Goggo ne. Ita da mahaifina ciki ɗaya suka fito, saboda haka barewar da take nufi a gidansu aka haife ta.

Shekaru da yawa bayan haka, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai mu Gadarif, 'yata ta karanta mini a waya cewa ko a Amurka, bayan likita Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 a 1943, an daɗe ana ɗora wa iyaye mata laifin rashin nuna wa 'ya'yansu ƙauna, har binciken tagwaye da aka yi a Ingila a 1977 ya nuna ƙarfin gado. Binciken 1998 da ya zargi riga-kafi kuwa an janye shi a 2010. Na yi kuka a daren nan, domin ashe matan da ban sani ba sun sha irin maganar Goggo daga bakin likitoci.

Ƙanen yaron ya zo da nasa, ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya tsayar da hankali a allo, kuma aka shaida mini cewa wannan da tawahhud da farfaɗiya sukan haɗu a yaro ɗaya ko a gida ɗaya, saboda wasu ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne. A kansa Goggo ba ta kawo barewa ba, cewa ta yi ƙiriniyar ubansa ce.

Ta rasu ba ta janye maganar ba. A jinyarta yaron ne ke zama a gindin angarib ɗinta, wato gadonta na igiya, yana jera mata kwalaben magani, kuma da hannuna na yi mata wanka. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan kawo daren da farfaɗiyar ta fara kama shi.